Borin jini da ya ƙi tafiya: yadda za a gane shi, a kuma shawo kansa

Shekara biyu da wata huɗu na yi ina fama da shi. Ya fara mini ne a zafin Afrilu, lokacin da Garwa, a arewacin Kamaru, ke ɗaukar wuta, kowa ya fito da tabarma tsakar gida. Na farka kafin kiran assalatu ina susa, na haska fitilar waya, sai ga cinyoyina da gefen cikina sun yi rudu-rudu kamar an tsula mini bulala. Kafin hantsi babu komai, fata sumul. Da dare ya dawo, amma wannan karon a gadon baya da wuya. Haka muka yi ta yi. Duk wanda ya zo duba ni sai ya cire wani abu daga kwanona. Goggona ta ce, "Ke 'yar nan, jininki ne ya yi datti, ki bar gyaɗa." Maƙwabciya ta ce kifin tafkin Lagdo ne, wata ta ce ƙwai, wata ta ce nono. Cikin wata uku na koma tuwo da miyar kuka ko daddawa babu, na rame, borin kuwa bai fasa zuwa ba ko dare ɗaya.

Duk don ƙauna suka yi, na sani. Amma wata ukun nan asararsu na yi, kuma ba na son wani ya sake yin irinta. Borin jini da ya daɗe yana da hanyar da ake bi da shi, mataki bayan mataki, kuma mafi yawan matakan nan ba su fi ƙarfin aljihun talaka ba.

Mataki na ɗaya: a tabbatar shi ne

Likitocinmu da Faransanci suna ce masa urticaire. Alamominsa uku ne. Fata ta tasa, ta yi tudu mai faɗi, wani kamar ƙwayar wake, wani kamar tafin hannu. Tana ƙaiƙayi, wani lokaci da raɗaɗi-raɗaɗi. Sannan kowane tudu ɗaya yana ɓacewa kafin awa 24, ba ya barin tabo, sai dai wani sabo ya fito a wani wuri. Wannan ta ukun ita ce ke raba shi da sauran ciwukan fata.

Ga yadda za a gwada a gida. A ɗauki biro a zagaye tudu biyu ko uku, a rubuta lokaci a gefe. Washegari a daidai wannan lokacin a duba. In cikin da'irar ya kwanta, ko da wasu sun fito a kewaye, to borin jini ne. In kuwa tudun yana nan daram bayan kwana guda, yana ciwo fiye da ƙaiƙayi, ko ya tafi ya bar baƙi kamar jini ya kwanta, wannan wani abu ne daban da ya shafi ƙananan jijiyoyin jini, kuma dole likita ya gani.

Littattafan likitanci suna cewa tudun ja ne. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai. Sau da yawa launinsa ɗaya da jiki, ko ya ɗan fi haske, yana sheƙi. Hannu ya fi ido gane shi. Shi ya sa hoto ke da amfani: a haska fitila daga gefe, ba daga sama ba, don tudun ya yi inuwa, sannan a ɗauka. Ni sau biyu ina zuwa asibiti da safe jikina fes, ina bayani ana kallona. Ranar da na miƙa waya da hotuna, ranar aka fara fahimtata.

Sai ƙirgen lokaci. In ya zo ya tafi cikin kwanaki ko 'yan makonni, wannan na ɗan lokaci ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan same shi sau ɗaya a rayuwa, galibi bayan mura, zazzaɓi, wani magani ko wani abinci. In ya wuce mako 6 yana zuwa, kullum ko jefi-jefi, shi ne mai daɗewa, wanda nake magana a kai. Ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza, kuma ya fi yawa tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ba ya yaɗuwa. A ci kwano ɗaya da mai shi, a kwana shimfiɗa ɗaya, a shayar da jariri, babu abin da zai faru.

Akwai masu kama da shi. Ƙazuwa ta fi tsanani da dare, tana kama tsakanin yatsu da wuyan hannu, kuma za a ga 'yan gida da yawa suna susa tare. Cizon kuɗin cizo yakan jeru a layi, ya yi kwanaki. Ƙurajen zafi ƙanana ne, ba sa yawo. Ƙaiƙayin kulorokin da iyayenmu suka sani, da wanda wasu ke ji bayan wanka, ba sa tayar da tudu. Wanda ya taɓa zama a dazukan kudancin Kamaru, in yana samun kumburi mai yawo a hannu ko wuyan hannu, ya faɗa wa likita, don tsutsar filariya da ake kira lowa-lowa tana yin haka.

Alamun da ba a jira da su

Kusan mutum huɗu cikin goma masu wannan ciwo sukan samu kumburi mai zurfi tare da shi: leɓe, fatar ido, hannu, ƙafa, wani lokaci al'aura. Yana iya kai kwana 3 kafin ya sabe. Abin tsoro ne a madubi, amma in a leɓe ko ido ya tsaya, yawanci ba shi da haɗari.

Inda ba a wasa shi ne in harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta dishe, haɗiyar yawu ta yi wuya, numfashi ya fara sarƙewa ko ya riƙa fito, ko jiri ya ɗebi mutum kamar zai suma. A nan babu jiran gari ya waye, babu shafa komai, babu jiƙa komai. A nufi asibiti mafi kusa. Allurar adirenalin ce ke ceton rai a wannan hali, ƙwayar ƙaiƙayi ba ta isa ba. Mai jiri a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, mai wahalar numfashi a bar shi a zaune.

Wani abu kuma: mai shan maganin hawan jini irin su captopril, enalapril ko lisinopril, in leɓensa ko harshensa na kumbura ba tare da tudun fata ba, maganin ne abin zargi na farko, ko da ya shekara yana sha lafiya. Baƙar fata ta fi fuskantar wannan. Ya ga likita a ranar don a canja masa.

Mataki na biyu: a fahimci abin da ke faruwa a fata

A cikin fatar kowa akwai wasu ƙwayoyin halitta na garkuwar jiki, ana ce musu mastosit. Kamar 'yan gadi suke, kowanne riƙe da jakar sinadarai, babba a cikinsu shi ne histamin. In suka fashe jakar, ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsiyaya cikin fata, shi ne tudun. Histamin ya taɓa jijiyar ji, shi ne ƙaiƙayin. Jiki ya tsotse ruwan, tudu ya kwanta. In a can ƙasan fata abin ya faru, shi ne kumburin leɓe da ido.

A borin jini mai daɗewa, 'yan gadin nan suna tashi ne ba ɓarawo. Ga mutane da yawa, garkuwar jikinsu ce da kanta ke ƙera wasu sinadarai da ke tsokanar su. Shi ya sa ake yawan samunsa tare da ciwon tayirod, wato ƙullin nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, don shi ma sau da yawa garkuwar jiki ce ke taɓa shi.

Wannan ne ya sa farautar abinci ba ta ƙarewa da komai. Alajin abinci na gaskiya yana da halinsa: a ci abu, cikin mintuna zuwa awa 2 jiki ya tashi, kuma duk ranar da aka ci sai ya tashi, ranar da ba a ci ba lafiya lau. In haka naka yake da gyaɗa ko kifi, to ka bar shi, ka kuma gaya wa likita. Amma in kana tashi da rudu-rudu ko ka ci ko ba ka ci ba, ka mayar da abincinka. Barin kifi da ƙwai da nono da wake a ƙasar da nama ke tsada, musamman ga mai ciki ko mai shayarwa ko yaro, cuta ce ta biyu a kan ta farko. Kuma jini bai yi datti ba. Ba sammu ba ne, ba alamar ƙazanta ba ce.

Mataki na uku: littafin ƙirge

A sayi ƙaramin littafin makaranta. Kowane dare kafin barci a rubuta lamba biyu.

Ta farko, yawan tudu cikin awa 24 da suka wuce: 0 in babu, 1 in bai kai 20 ba, 2 in tsakanin 20 da 50 ne, 3 in ya haura 50 ko ya haɗe ya zama manyan faci. Ta biyu, ƙaiƙayi: 0 in babu, 1 in akwai amma bai dame ka ba, 2 in ya dame ka amma bai hana aiki ko barci ba, 3 in ya hana. A haɗa biyun, kowace rana tsakanin 0 da 6 ke nan. Ƙarshen mako a tara na kwana bakwai, jimilla ba za ta wuce 42 ba. Likitoci suna kiran wannan ma'auni UAS7. Daga 6 zuwa ƙasa, ciwo ya kwanta. Daga 28 zuwa sama, mai tsanani ne.

A gefen lambobin a rubuta layi ɗaya: wane magani aka sha, ko an yi zazzaɓi, ko al'ada ta zo, ko an yi aikin gumi, ko an yi ɓacin rai. Nawa ya fara da 33. Sai da na yi mako uku ina rubutawa na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: kwanakin da suka fi muni duk kwanakin da na sha maganin ciwon mara ne.

Mataki na huɗu: a nemo masu zuga shi

Waɗannan ba su ne tushen ciwon ba, iza wuta suke yi. Na gaba-gaba su ne magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac. Suna tayar da borin ga kusan mutum ɗaya cikin huɗu masu fama da shi. Kuma su ne suka cika tiren masu tallan magani a tasha da kasuwa, wasu a haɗe da farasitamol a ƙwaya ɗaya, wasu a ƙulle a leda babu ko suna. Mai borin jini ya tsaya a kan farasitamol zalla, ya karanta kwali kafin ya sha. Amma wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa, ya koma ya yi shawara. Tramadol da kodin ma suna iya tayar da shi, haka giya.

Sai waɗanda jikinsu ke amsa taɓawa ko yanayi. Wannan rukuni ne mai zaman kansa, kuma mutum na iya haɗa shi da wancan.

Akwai mai fatar da ake iya rubutu a kanta. A ja bayan biro a damtse da ɗan ƙarfi, a jira minti 10. In layin ya tasa, shi ne. Irin wannan susa ita ke haifar masa da sabon tudu, haka dirza jiki da soso mai kaushi ko goge jiki da tawul da ƙarfi. Tsaga da ƙaho ma yankar fata ne da matsa ta, ba sa fitar da komai da ya shafi wannan ciwo.

Akwai na gumi: ƙananan ƙuraje kamar ƙwayar gero, masu tsira bayan gudu, daka, wanka da ruwan zafi, cin yaji ko fushi, su ɓace cikin awa guda. Matasa ya fi kamawa, kuma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Njamena, suna shan wuya.

Akwai na matsi, mai zuwa a makare. Inda aka ɗaure zani ko majanyin goyo, inda igiyar jaka ta zauna a kafaɗa, tafin hannun da ya wuni riƙe da fartanya, mazaunin mai kabu-kabu: bayan awa 4 zuwa 6 wurin ya kumbura yana ciwo. Saboda jinkirin nan mutane ba sa haɗa su da juna.

Akwai na sanyi, mai tashi da iskar hunturu ko riƙe ƙanƙara. Mai irin wannan ya kiyayi faɗawa kogi ko tafki mai sanyi, don in duk jiki ya tashi lokaci guda yana iya suma a cikin ruwa.

Damuwa da rashin barci suna ƙara shi, shi kuma yana ƙara su. Wannan ba yana nufin a kai abin yake ba. Ciwo ne na gaske a fata ta gaske.

Mataki na biyar: zuwa asibiti

A tafi da abu uku: hotuna, littafin ƙirge, da duk magungunan da ake sha a leda guda, har da na gargajiya da man shafawa. Kada a ɓoye komai don kunya.

Likitocin fata ba su da yawa a arewa, sun fi taruwa a Yawunde da Duwala. Amma ba sai an hau jirgin ƙasa daga Ngaundere ba kafin a fara magani. Likita na gama-gari a asibitin gunduma ko na yanki yana iya ɗaukar matakan farko duka.

Gwaje-gwajen da ake bukata kaɗan ne: ƙirgen ƙwayoyin jini, wanda takardar asibiti ke rubutawa NFS, da gwajin kumburin cikin jiki, VS ko CRP. A yankinmu yana da kyau a ƙara gwajin bayan gida saboda tsutsar ciki, da na fitsari ga wanda ke shiga ruwan Binuwai, Lagdo ko Logon, saboda tsargiya. In akwai maƙoƙo, yawan kasala, bugun zuciya ko canjin ƙiba ba dalili, a duba tayirod. In akwai alamun gyambon ciki, likita na iya neman ƙwayar cutar da ke kawo shi. In an samu ɗaya daga cikin waɗannan a yi maganinsa, don kansa ma ya cancanta, amma kada a ɗora rai cewa lallai borin zai tafi tare da shi. Sau da yawa duk sakamakon lafiya lau yake fitowa. Wannan labari ne mai daɗi, ba alamar likita ya kasa ba ne. Dogayen gwaje-gwajen alajin abinci masu cin kuɗi ba sa ƙara komai ga mafi yawan masu wannan ciwo.

Mataki na shida: magani, da yadda ake shan sa

Ginshiƙin magani shi ne antihistamin na zamani, wato maganin da ke tare aikin histamin, wanda ba ya sa barci sosai. Ga babba: cetirizine miligiram 10, ko loratadine 10, ko desloratadine 5, ko levocetirizine 5, ko fexofenadine 180, ko bilastine 20, sau ɗaya a rana. Guda ɗaya ake zaɓa. A tambayi mai farmasi jenerik, wato wanda ba ya ɗauke da sunan babban kamfani. Aikinsu ɗaya, kuɗin ne ya bambanta. A saya a farmasi ko a asibiti, ba wanda ya wuni a rana a kan tebur ba.

Kuskuren da kusan kowa ke yi, ni ma na yi shi wata da watanni, shi ne shan ƙwayar sai jiki ya tashi. Maganin nan tare ƙofa yake yi kafin histamin ya iso. In an bari sai ya shigo, an makara. Don haka kullum ake sha, a lokaci guda, ko fata na sumul. Ranar da aka wayi gari babu tudu, aikin maganin ne, ba alamar a daina ba.

A ba shi mako 2 zuwa 4 ana rubuta lambobi. In bai kwanta ba, a koma wurin likita. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin fata da na alaji na duniya suka sabunta a 2022 ta yarda a ƙara wannan maganin guda har ninki huɗu, misali biyu da safe biyu da dare. Likita ne zai yi wannan ƙarin, ba mai ciwo ba, domin sai an duba ƙoda da hanta da shekaru da sauran magungunan da mutum ke sha. Kwalin maganin zai ce ɗaya a rana, mai farmasi ma yana iya mamaki, shi ya sa ake so likita ya rubuta a takarda. Ni a kan biyu a rana nawa ya sauko daga talatin da wani abu zuwa ƙasa da 6.

Cetirizine yakan sa wasu gyangyaɗi. In haka ne a sha da dare, ko a nemi canji. Fexofenadine da ruwa ake sha, ba da ruwan lemo ba. Bilastine kuma sai ciki babu abinci, awa 1 kafin ci ko awa 2 bayansa.

Tsofaffin magungunan ƙaiƙayi irin su Polaramine, Phénergan, Atarax da chlorphéniramine suna aiki, suna da araha, amma suna kashe jiki har washegari. Direba, mai kabu-kabu, mai aiki da inji, ɗalibi mai jarrabawa da tsoho duk ba su dace da shan su kullum ba, kuma ba su ake ninkawa ba.

In an kai ninki huɗu bai yi ba, akwai mataki na gaba a hannun ƙwararru. Allurar omalizumab, miligiram 300 duk mako 4, wadda aka amince da ita don wannan ciwo a 2014, tana taimakon da yawa, sai dai tana da tsada ƙwarai. Akwai kuma ciclosporine, mai bukatar a riƙa auna hawan jini da ƙoda. Wanda ya kai nan shi ne ya kamata ya nemi takardar tura shi wurin likitan fata.

Maganar deksa

A wata na biyar wani mai sayar da magani ya ba ni ƙananan ƙwayoyi, ya ce, "Hajiya, wannan sha yanzu magani yanzu ne." Gaskiya ya faɗa ta wani ɓangare. A daren na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Da na daina, borin ya dawo fiye da da, sai na koma. Bayan wata biyu fuskata ta yi fam, har ana yi mini barka da ƙiba, nankarwa ta tsaga mini cinya, hawan jinina ya tashi. Dexaméthasone ne, wanda ake ce wa deksa.

Shi da danginsa, prednisolone, Célestène, da allurai irin su Diprostène da Kenacort, suna danne borin nan take, ba sa warkar da shi. In an daɗe a kansu suna kawo ciwon suga da hawan jini, su cinye ƙashi, su ɓata ido, su raunana garkuwar jiki har tarin fuka da ya kwanta ya farka. Likita na iya ba da su na 'yan kwanaki, ba fiye da 10 ba, in ciwon ya yi mummunan tashi. Iyakar wurinsu ke nan. Wanda kuma ya riga ya yi makonni yana sha, kada ya yanke lokaci guda, saboda jiki ya riga ya daina ƙera nasa irin wannan sinadarin, yankewar na iya kayar da mutum. Ya je a rage masa sannu a hankali. Ni sai da aka yi makonni ana rage mini.

Man shafawa mai irin wannan sinadari, har da na bilicin, ba ya yi wa borin jini komai. Tudun zai tafi da kansa kafin man ya yi aiki, fata ce kawai ke sirancewa.

Zaman yau da kullum

Sanyi yana kwantar da ƙaiƙayi, in ba na sanyi ne da kai ba. Tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwan randa a ɗora minti 10. Wanka da ruwa mai ɗan sanyi, sabulu maras ƙamshi, ban da zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a bokiti, ban da dirza. A tsane jiki da dannawa. Da hunturu a shafa man kaɗanya tun jiki na da danshi, don busasshiyar fata tana ƙara ƙaiƙayi. Tufafin auduga masu walwala, a sassauta ɗaurin zani da roba. A yanke farce. In hannu ya matsu, a danna wurin da tafi maimakon a sosa.

Da azumi babu wahala: mai sha sau ɗaya ya sha bayan buɗa-baki, mai sha sau biyu ya raba tsakanin buɗa-baki da sahur. Mai ciki ko mai shayarwa kada ta zauna tana shan azaba, kada kuma ta saya da kanta. Loratadine da cetirizine su ne likitoci suka fi zaɓa mata. Yara nauyinsu da shekarunsu ake dubawa.

Game da jiƙe-jiƙe, roƙona ɗaya ne. Ciwon nan yana da kwanakin lafawa da kansa, don haka duk abin da aka sha a ranar sai a ce shi ne ya yi. Littafin ƙirge zai faɗi gaskiya. Garin magani ko ruwan gora da ba a san abin da ke ciki ba, musamman mai aiki nan take, a guje shi, don akan samu masu cuɗa deksa a ciki. Addu'a kuwa ba ta hana shan magani, tare suke tafiya.

'Yan gida su ma suna da nasu aikin. Wanda ya kwana yana susa zai tashi da gajiya da saurin fushi. Matar da leɓenta ya kumbura ba za ta so zuwa suna ko biki ba. A rage mata tambaya da shawarwari, a karɓi girkin rana a ranar da zafin murhu ya fi ƙarfinta. Maigidana ya riƙa tuna mini da ƙwayar bayan sallar isha, kuma wannan ya fi mini duk wani abin da aka kawo mini a ƙulli.

Mataki na ƙarshe: rage magani

Ga mafi yawan mutane ciwon yana lafawa da kansa, galibi tsakanin shekara 1 zuwa 5, wasu kafin haka, wasu kuma ya fi daɗe musu. Maganin yana riƙe shi ne har lokacin ya zo, kuma antihistamin na zamani ana iya shan sa shekaru ba tare da ya zama jaraba ba.

In littafi ya nuna sifili na wata 3 ko fiye a jere, a yi shawara da likita a fara saukowa. Ba a yankewa gaba ɗaya. Mai shan huɗu ya koma uku, ya zauna makonni yana rubutawa, sannan biyu, sannan ɗaya, sannan ɗaya duk bayan kwana biyu. In tudu ya leƙo, a koma matakin da ya riƙe shi, a sake gwadawa bayan wasu watanni. Kada a zaɓi tsakiyar zafin bazara ko makon biki don wannan gwaji. Ni sau biyu ina komawa baya, a na uku ne ya zauna, da damina. Har yanzu akwai kati ɗaya na cetirizine a jakata, ina duba ranar lalacewarsa duk shekara, kuma a shafin farko na katin asibitina na sa an rubuta cewa kada a ba ni ibuprofen ko diclofenac.